Kabewar Inna Ta Haura Katanga

Duk faɗin unguwar, mutum ɗaya ne yake zuwa bola da buhu wayam ya dawo da shi cike, wato Saisaye mai aski. Sunan nan sana'a ce ta ja masa. Ko wane irin aski ka ce a yi maka, sai ya karkata kai, ya ƙare maka kallo ta madubi, ya ce, "A'a, kai saisaye ne ya dace da kanka." Tun ana musu da shi har aka gaji aka bar shi. Sunan kuwa ya manne masa, har matarsa ma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Shagon nasa ɗan tsukuku ne a bakin titi. Kujera ɗaya ce mai juyawa, ita ma ta daɗe da daina juyawa, sai madubi mai tsaga a kusurwa, da fanka mai ƙara, da dogon benci na masu jiran layi. A ƙarƙashin bencin nan dukiyarsa take, buhuna ne a jere, kowanne da abin da ke ciki. Saisaye ba ya zubar da gashi. Yana gama aski zai share, ya tattara, ya dura a buhu, da yamma ya ɗaure a bayan keke ya kai lambunsa na bayan gida, wai gashi taki ne mai jinkiri, yana ruɓewa a hankali yana ciyar da ƙasa. In mutum ya tambaye shi ina gashinsa na wancan watan, sai ya ce, "Yana gindin tumatir, kuma ya fi amfani a can." Mai sanƙo kuwa in ya zauna, sai Saisaye ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai dai lambu bai ƙaru da kai da komai ba."

Ba gashi kaɗai ba. Mai shayi na kusa da shi yana tara masa ɓawon ƙwai da ganyen shayin da aka gama tacewa. Gidan burodi suna ba shi toka. Kafinta yana ajiye masa garin katako, mai sayar da kayan marmari kuma ɓawon ayaba da lemun da ya lalace. Mutum ne da in ya ga kana cin ayaba a hanya zai rage tafiya ya jira ka gama. Wallahi an taɓa ganinsa ya tsaya a tsakiyar titi, motoci suna ta yi masa hon, yana kallon inda doki ya wuce ya bar abin da ya bari, yana cizon yatsa don bai fito da buhu ba.

Wanda ya san shi yanzu zai ɗauka da fartanya aka haife shi. Ina! Saisaye ya kai shekarun da furfura ta fara leƙo masa bai san bambancin alayyafo da ciyawa ba. Lambun asali na mahaifiyarsu ne, Inna, kuma abin da aka san lambun da shi wata kabewa ce da ba a samun irinta a kasuwa. Doguwar wuya gare ta, a lanƙwashe kamar mariƙin ludayi, da zane-zanen fari a jiki, ganyenta kuma da ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa madara. In ta shiga miya, tun daga ƙofar gida za ka san ita ce. Kowace shekara Inna takan zaɓi wadda ta fi girma, ta cire 'ya'yan, ta shanya, ta zuba a wata koriyar kwalba ta toshe da tsumma.

Da Inna ta rasu aka raba gidan biyu, rabi nasa, rabi na yayarsa, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, don ita ta goye shi, kuma har gobe Auta take ce masa. Magini ya ja igiya, katanga ta bi ta tsakiyar lambun, gindin kabewa da kwalbar iri suka faɗa ɓangaren Yaya. Ranar da ake ɗora bulon ƙarshe, Saisaye ya tsaya ta nasa gefen ya ce, "Yaya, a ɗan sam min irin kabewar Inna mana, ni ma in shuka."

Yaya ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Kai, Auta? Kai da aka ba ka ajiyar albasa a gwangwani ka kashe ta da ƙishirwa? Irin Inna ba abin wasan yara ba ne. Je ka ka ci gaba da sassaƙe kawunan mutane."

Magini ya tuntsire da dariya har cokalin gini ya suɓuce masa. Dariyar nan ita ta ƙona Saisaye. Nan take, a gaban magini da matarsa da maƙwabtan da suka zo kallon aiki, ya buga ƙirji ya ce, "Daga yau ko allura ce ta fito daga gidanki, ba za ta shiga nawa ba. Kuma sai na yi lambun da za ki kifa turmi ki taka ki leƙo!"

Ya kuwa riƙe maganar tamau. Suna gaisawa in sun haɗu a ƙofa, ina kwana, lafiya lau, shi ke nan kowa ya kama gabansa. Matarsa ba ta daina shiga wurin Yaya hira ba, shi ma bai hana ta ba, amma in ta dawo sai ya dubi hannuwanta. Akwai ranar da ta dawo da allurar Yaya soke a gefen zani, mantuwa ta yi, ya sa ta juya ta mayar. A ransa kuwa, ko ya ƙi ko ya so, abu biyu yake nema a duniya, kabewar Inna a gonarsa da kuma bakin Yaya ya furta cewa ya iya. Ga shi ya rufe wa kansa ƙofar roƙo da bakinsa.

Farkon lambun abin tausayi ne. Ya ji an ce kashin kaji taki ne mai ƙarfi, sai ya samo ɗanye shar, ya jibga wa 'yan tsiron tumatir a gindi. Kafin a ce me, sun ƙone ƙurmus. Ya ji an ce ana jiƙa taki a ruwa a riƙa ba shuka, sai ya cika durom da kashin kaji da ganye da ruwa, ya rufe ruf da murfi, ya ɗora dutse, ya manta da shi cikin rana. Ranar da dangin mijin 'yarsa suka zo gaisuwa, ana zaune a tsakar gida ana shan ruwan sanyi, ranar ya ga dama ya nuna musu gwaninta. Yana ɗaga murfin, baƙin nan suka tuna cewa suna da wani uzuri na gaggawa. Wani dattijo a cikinsu da takalmi ƙafa ɗaya ya fita. Ta bayan katanga kuwa aka ji Yaya tana tari, irin tarin da rabinsa dariya ne.

Amma mutumin yana da naci, wannan kam ba a ƙwace masa. A hankali ya gane cewa taki ma girki ne, sai an jira ya nuna. Ya yi tari a kusurwar lambu, shimfiɗar busasshen ganye da garin katako, shimfiɗar ɓawo da ɗanyen ganye, shimfiɗar kashin kaji da gashi, toka kaɗan kamar gishiri, ruwa daidai yadda tsumman da aka matse yake. Lokaci-lokaci ya juya da shebur. Tarin ya riƙa ɗaukar zafi har yana tururi da safe. Saisaye yakan cusa hannu ciki ya zaro da sauri yana murmushi, ya ce ko ƙwai ka binne a nan sai ya dahu. Daga nan ya kafa doka, kuma yana maimaita ta ga duk wanda ya zauna a kujerarsa da tawul a wuya ba halin gudu: duk abin da zai shiga ƙasarsa sai ya bi ta tari tukuna, don zafin tari yana kashe cuta, yana kashe ƙwayar kowace irin ciyawa.

Lambu ya yi kyau, ba ƙarya. Tumatir, tattasai, alayyafo, kuɓewa, latas, har da karas. Maƙwabta suna ci, mai shayi yana ci, kafinta yana ci. Ya sayo irin kabewa na kasuwa ya shuka, ta yi 'ya'ya manya-manya, ya ɗanɗana sau ɗaya ya ture kwanon. Daga shekarar bai sake shuka kabewa ba.

Abu ɗaya ne ya tsone masa ido, kashin awaki. Duk wanda ya san taki ya san babu kamarsa, ba ya ƙona shuka, ba ya wari, yana sakin ƙarfinsa sannu a hankali. Ga kuma abin haushi, Yaya ta fara kiwon awaki. Yana tsugune yana cire ciyawa yana jin su ta bayan katanga suna cin dusa, suna tuƙa, suna zubar da arziki a ƙasa. Kullum da safe yana jin ƙarar tsintsiyarta, sannan ya ji tana jan buhu ƙiii zuwa bolar da ke ƙarshen lungu. Abin yana ci masa rai kamar ana zubar da zuma a kwata.

Sai ya zauna ya yi wa kansa shari'a, shi ne alƙali, shi ne mai ƙara. Abin da aka kai bola ai ya tashi daga na gidan Yaya, ya zama na bola. Bola kuwa ta kowa ce. Shi bai taɓa cewa ba zai ɗauki abin bola ba. Da wannan hukunci ya wanke kansa tas, ya fara fita da sassafe da buhu a hammata, wai zai zubar da shara. Ya kuwa yi sa'a, don kullum buhun Yaya yana gefe guda a inuwa, an ɗaure bakinsa da kyau. Sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya zura nata a cikin nasa, ya saɓa ya dawo yana fito. Yana shiga gida zai tona tsakiyar tari, inda ya fi zafi, ya juye ya rufe kafin matarsa ta fito daga kicin. Shekara guda cur yana wannan aiki, yana yaba wa kansa wayo.

Da damina ta sake kawo kai, sai matarsa ta tsiro da sabon hali. Duk faɗin gidan ta rasa inda za ta zauna da safe sai bakin tarin taki. Ta kawo kujera 'yar tsuguno, ta kawo tire, tana tsince wake. Saisaye ya shigo da buhu a kafaɗa ya yi turus.

"Ke kuma me ya kawo ki nan? Ba wari kike cewa yana yi ba?"

"Ɗuminsa nake so, Maigida," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Bayana ne yake min ciwo. Me ka samo mana a buhu?"

"Gashi ne."

"Da sassafen nan? Lallai mutane sun matsu da aski."

Ya wuce fuu kamar zai shiga banɗaki. A bayan banɗakin akwai wani siririn fili a gindin katanga, inda ido ba ya kaiwa. Nan ya durƙusa ya ja rami da fartanya, ya juye buhun, ya mayar da ƙasa, ya tattake. Gobe ma ta zauna, jibi ma ta zauna, waken nan ya ƙi ƙarewa. Haka Saisaye, mai dokar da ya ishi duniya da ita, ya yi ta binne taki a ƙasarsa ba tare da ya bi ta tari ba, yana lallashin kansa cewa na awaki ai ba ya ƙuna.

Ruwa ya sauka sosai. Wata safiya ya zaga bayan banɗaki, sai ya ga tsiro guda, kakkaura, mai ganye biyu masu faɗi. Ya kai hannu zai tuge, sai ya fasa, ya ce bari a ga ko mene ne. Bayan 'yan kwanaki ganye na gaske ya buɗe. Saisaye ya tsuguna, ya goge ido, ya sake dubawa. Ɗigo-ɗigon fari ne a jiki kamar an yayyafa madara. Ya zauna daɓas a cikin laka da kayan zuwa shago. Murna ta kama shi, tsoro kuma ya biyo bayanta nan take, don duk unguwar gida ɗaya ne wannan iri zai iya fitowa, kuma kowa ya san wane gida ne. In ya tuge ta, ya kashe kabewar Inna da hannunsa. In ya bar ta, ta tona masa asiri. Ya daɗe a zaune yana kallon ganyen, daga ƙarshe ya tashi ya ɗebo mata ruwa.

Matarsa ce ta fara kama shi, ya durƙusa yana barbaɗa wa gindin garin ɓawon ƙwai.

"Ikon Allah! Maigida, wannan ba kabewar Inna ba ce? Daga ina?"

"Tsuntsu ne ya kawo," ya ce da sauri. "Tsuntsaye suna yawo da iri, kowa ya san wannan."

"Haka ne," in ji ta. "Tsuntsun nan dai da gani mai ƙaho ne." Ta juya ta tafi, kafaɗunta suna rawa.

Kabewa ta samu abin da take so. Ga kashin awaki a ƙarƙashi, ga ruwan sama, ga mai hidima. Ta yi yaɗo kamar ana jan ta, kuma duk faɗin lambun ba inda ta nufa sai katanga. Da yamma Saisaye zai kamo kanta ya juyo da shi wajen lambu, ya ɗaure da yankin tsohon tawul. Da safe ya tarar ta miƙa sabon hannu ta kama bulo. Da ya ga abin ba na ƙare ba ne, sai ya dawo da almakashin shago gida. Duk reshen da ya ɗaga kai ya doshi saman katanga, sai ya bi shi ƙyas-ƙyas, ya daidaita, ya ja da baya ya karkata kai ya duba. Kabewa dai ta sha saisaye irin wanda ko ango bai taɓa sha ba.

A nan ya yi kuskure na biyu. Kabewa fure iri biyu take yi, na namiji mai siririn wuya, da na mace mai ɗan ƙulli a gindi, wanda shi ne yake zama ɗa. Na macen kuwa can wajen ƙarshen reshe yake fitowa, daidai inda almakashi yake bi. Furanni suka buɗe rawaya shar, Saisaye ya zo da burushin aski mai laushi zai ɗebi garin wannan ya shafa wa wancan, ya duba, ya sake dubawa, duk maza ne. Damina tana ja, ganye ya cika bayan banɗaki, ɗa ko ɗaya babu. Ya rame. A shago ya yi shiru, har wani ya ce a kwashe masa gashi tas, ya kwashe bai yi musu ba. Mai shayi ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Ranar da abin ya fashe, ya hau rufin banɗaki ne zai gyara kwanon da yake yoyo. Sai ya ga wani reshe guda da ya ɓuya masa. Ta bayan bututun ruwa ya bi, ya lallaɓa ta ƙarƙashin kwano, ya haura katanga ya sauka gidan Yaya. Reshen ya yi kauri, ya miƙe tsam, da gani akwai abu mai nauyi da yake ja ta can gefen. Ɗa guda tilo, yana reto a gidan da awaki suke! Ko su cinye, ko nauyi ya tsinke shi. Bai tsaya shawara ba, ya sauko ya jawo tsani, ya saɓa tawul a kafaɗa don ya yi mata majanyi, ya hau a hankali ya leƙa.

Ga ta nan kuwa, doguwar wuya a lanƙwashe, zanen fari a jiki, ta kai girman jariri. Sai dai an riga shi. An yi mata majanyi da tsohon zani, an ɗaure a ƙusa, can sama inda awaki suke ta miƙa wuya ba sa kaiwa. Ya kai idonsa tsakar gidan, wanda rabonsa da gani tun ranar bulon ƙarshe. Babu lambu. Inda gindin kabewar Inna yake a da, siminti ne da turken awaki. Ko ganye ɗaya kore babu a gidan sai wanda ya hauro daga nasa.

"Auta, sauko da idonka, ga ni nan."

Yaya ce, zaune a gindin katanga a kan turmin da aka kifa, da sanda a jingine a gwiwarta. Ta tsufa fiye da yadda yake ganinta a ƙofa, in ta ja mayafi ta daure ta miƙe.

"Yaya, ina kwana," ya ce, don ba abin da ya zo masa sai wannan.

"Lafiya lau. Me kake nema a kan katanga da tawul? Aski ka zo yi wa awakina?"

"Wata ciyawa ce ta haura. Tsuntsu ne ya..."

"Na samu labarin tsuntsun. Ni nake share masa kashi kullum da safe." Ta gyara zama. "Auta, tun da kake a duniya, ka taɓa ganin sharar da aka tsince wa leda da tsakuwa, aka ɗaure mata baki da igiya mai kyau, aka jingine ta a inuwa? Kai kaɗai ne mai wayo a gidanmu?"

Saisaye ya riƙe tsani da hannu biyu.

"Gwiwar nan ta hana ni sunkuyo," in ji ta. "Abin da na lallaɓa na shuka, awaki suka cinye. Iri kuma yana tsufa a kwalba, in ya daɗe ba ya tsira. Bara na raba shi biyu na zuba maka rabi a buhu. Ka ɗauka ka kai tsakiyar tarin nan naka ka dafa min shi luguf. Ranar da matarka ta gaya min, wuni na yi ban sa komai a bakina ba. Bana na juye sauran gaba ɗaya, na ce ta je ta zauna maka a bakin tarin, ko wake ne ta tsinta har sai ka nemi wani wuri. Guda ɗaya ne ya fito. Shi ma ka bi shi da almakashi."

"To me ya hana ki aiko min kawai, Yaya?"

"In aiko ka dawo min da shi kamar allura?"

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, kamar yaron da aka yi wa faɗa, "Ke kika ce ban iya ba."

"A lokacin ai ba ka iya ba, ƙarya zan yi maka? Har yau ina tuna ranar durom." Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi, sannan ta nutsu. "Yanzu ka iya. Hannun Inna ne da kai, Auta. Ƙasarka ta fi tata baƙi ma."

"Ina kika ga ƙasata?"

Ta bubbuga turmin da take kai da tafin hannu. "Wannan ya yi maka kama da turmin da ake daka a ciki? In ka tafi shago nake takawa in leƙa. Tun kana ƙona tumatir nake leƙe. Da ni kaɗai nake hawa, yanzu sai matarka ta riƙe ni."

Shekara da shekaru Saisaye yana tanadin wannan rana. Ya shirya dariyar da zai yi, ya shirya maganar da zai yaɓa mata, har ya shirya yadda zai ba da labarin a shago. Ga ranar ta zo, ga turmi a kife kamar yadda ya faɗa, amma dariyar ta ƙi zuwa. Abin da yake gani kawai tsohuwar da ta goye shi, tana rawar ƙafa a kan turmi da ciwon gwiwa, tana satar kallon gonar ƙaninta, saboda shi ya cika baki a gaban magini. Kunya ta rufe shi, tausayinta ya cika masa ciki, ya ji kamar ya sauka ta gefenta ko da zai karye.

"Kada ka faɗo min a kan awaki," in ji Yaya. "Gidan yana da ƙofa. Zagayo."

Ya sauka, ya fita, ya zagaya. 'Yar tafiyar nan daga ƙofarsa zuwa tata sai da ta yi masa tsawo. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa a gabanta a kan simintin. Ta sa hannu a bayan turmi ta ɗauko koriyar kwalbar nan, da tsumman Inna a bakinta yadda yake, ta ɗora masa a tafin hannu. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

"In ta nuna, kai za ka yanke, kai za ka shanya, kai za ka cika," ta ce. "Ni dai a kawo min wuyan, nan ne ya fi zaƙi."

Da ya koma gida, matarsa tana tsaye a tsakar gida, hannu a ƙugu, fuskar nan a ɗaure kamar gaske.

"Maigida, me nake gani a hannunka? Ba daga gidan Yaya ka fito ba?"

"Wayam ce," ya ce. "Ba ki ga babu komai a ciki ba?" Muryarsa ta karye a tsakiyar maganar, hawaye suka zubo masa, bai kuwa ɓoye ba. Matar ta buɗe baki za ta ƙara tsokana, sai ta fasa, ta karɓi kwalbar da hannu biyu ta kai ɗaki.

Ranar masu jiran aski sun gaji da zama a benci sun watse. Saisaye ya ɗauki tsintsiya da buhu ya koma gidan Yaya, ta ƙofa, don ya ga ba ta kai ga share turken awakin ba tukuna, kuma ya ga yadda take dafa gwiwa in za ta miƙe.